Kimiyya a Tsakar Gida: Idan Ma'aunin Girgizar Ƙasa Ya Kasa Kai Saƙo



Yawancinmu mun taso da jin cewa girgizar ƙasa abin Japan ne da Turkiyya, mu nan sai dai mu gani a talabijin mu ce Allah ya kyauta. Mutanen Kwoi da ke ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna ba za su yarda da wannan magana ba, domin a watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu, wasu bangaye suka tsage, jama'a suka fito waje a firgice. Bayan shekara 2, a Satumbar 2018, mazauna Mpape a Abuja sun kwana da irin wannan fargaba. Masana da suka jera tarihin motsin ƙasa a Najeriya har Dambatta ta jihar Kano suna ambata, a shekarar 1975. Duk ƙananan motsi ne idan aka gwada da abin da ya faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, mai ƙarfin maki 7.8, amma wanda ya ji gadonsa na rawa cikin dare ba ya tambayar maki nawa ne.

Hukumar da ke sauraron ƙarƙashin ƙasa a madadinmu tana garin Toro a jihar Bauchi, a ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, kuma tana da tashoshi a wasu garuruwa kamar Kaduna da Ife da Nsukka. Tashoshin ba su da yawa idan aka dubi faɗin ƙasar. Wannan giɓi shi ya sa nake son ku san wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna Raspberry Shake, wadda wani kamfani a ƙasar Fanama ya fara fitarwa a 2016. Girmanta bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Mutane na ajiye ta a gidajensu da makarantunsu, tana auna rawar ƙasa dare da rana, tana tura abin da ta auna ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta da ke tattara bayanan dukkan 'yan uwanta na duniya. Irin wannan babbar kwamfuta masu harkar ke kira saba, wasu Hausawan kuma suka raɗa mata uwar garke. Ni wannan na biyun ya fi kwanta mini, da shi zan yi amfani.

Cikinta ba wani sihiri. Akwai 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, sai kuma kunnenta, wato jiyofon: naɗaɗɗiyar waya ce rataye a kan sifirin, kewaye da maganaɗisu. Idan ƙasa ta motsa, maganaɗisun ya motsa tare da ita, ita kuwa wayar sai ta ɗan yi nawa, kuma wannan bambancin motsi ke haifar da 'yar wutar lantarki. 'Yan ajin ƙarshe da suka karanta dokar Faraday, ga ta nan a aikace. Na'urar na karanta wannan wuta sau 100 a kowace daƙiƙa. Ku buga lissafi: daƙiƙa 86,400 ke cikin kwana ɗaya, kenan awo miliyan 8 da dubu 640 kullum.

To mu ɗauka an kafa ɗaya a Zakka, a ƙaramar hukumar Safana. Ta fuskar ƙasa wuri ne mai kyau, domin yammacin Katsina yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin duwatsun da kuke gani sun ɓullo a wajajen Dutsin-Ma da Safana da Batsari, kuma dutse mai tauri ya fi yashi isar da motsi ba tare da ya gurɓata shi ba. Daga inda girgizar Turkiyya ta tashi zuwa nan kusan kilomita 4,000 ne, kuma igiyar farko ta irin wannan girgiza tana cin wannan tafiya cikin minti 7 ko kusa da haka, ta cikin jikin duniya. Mutum ba zai ji ta ba. Kunnen na'ura da aka ajiye a daɓen siminti, nesa da injin niƙa, yana da damar kama ta.

An jona komai, fitilu sun kama, an buɗe shafin na'urar a waya ta hanyar rubuta rs.local a burauza, sai ga shi tana nuna tana auna motsi lafiya lau, amma layin da ke bayyana alaƙarta da uwar garke ya ce babu haɗi. An duba taswirar tashoshin duniya, Zakka ba ta fito ba. Wannan ita ce matsalar da ta fi addabar masu irin wannan na'ura, kuma abin da akasarin mutane ke yi a nan shi ne su zare wuta su mayar, su sake zarewa, su tsine wa kamfanin layi, daga ƙarshe su ce an sayar musu da jabu. Zare wutar ma kansa haɗari ne, domin kwamfutar na rubutu a katin memori a kowane lokaci, kuma yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu na iya lalata katin gaba ɗaya. Akwai maɓallin kashewa a shafinta, shi ake dannawa a jira.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki saƙon kamar ɗan aike, a bi sawunsa zango zango. Daga na'ura zai bi waya zuwa rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida. Daga rauta zai hau iska zuwa ƙarfen sabis. Daga nan ya ratsa hanyoyin kamfanin layi har ya isa uwar garke a wata ƙasa. A ɗaya daga cikin waɗannan zanguna ya maƙale, kuma aikinku shi ne ku gano na ƙarshe da ya wuce lafiya.

Kafin a zargi kowa, a leƙa saitin na'urar. Ba ta tura bayanai waje sai mai ita ya amince, ya cika wurin da aka kafa ta, ya kunna zaɓin turawa. Wanda bai yi haka ba zai iya shafe mako yana faɗa da rauta a banza.

Zangon farko waya ce. Masu ƙera na'urar sun fi son a haɗa ta da kebur maimakon wayifai, saboda rediyon wayifai da ke jikin kwamfutar yana jefa ƙazantar lantarki cikin awon. A bakin ramin da kebur ke shiga akwai ƙananan fitilu. Idan ba sa ƙiftawa, ko kebur ya karye a ciki, ko ɓera ya yi aikinsa, ko ramin rautar ya mutu. A canza kebur, a canza rami. A nan ma a dubi caja. Kwamfutar na buƙatar bolt 5 tsayayye da caja mai ƙarfin da ya kai amfiya 2 da rabi, kuma cajar waya ta kasuwa sau da yawa ba ta kaiwa. A gidan da ke dogara da sola, inda batir ke sanyi kafin asuba, za ku ga na'ura na aiki da rana tana ɓacewa da dare, mutum ya yi ta neman aljani a intanet alhali yunwar wuta ce.

Idan waya lafiya, sai tambayar adireshi. Duk abin da ya shiga rauta, tana ba shi lamba irin 192.168.1.20, kamar yadda mai unguwa ke sanin gidan kowa. Ana shiga shafin rautar a duba jerin abubuwan da ke haɗe da ita. Idan na'urar ba ta cikin jerin, ko kuma adireshinta ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi lamba ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta wadda ba ta kai ta ko'ina. Wani abin da ke faruwa kuma, musamman ga na'urar da aka taɓa amfani da ita a wani gida: an taɓa liƙa mata adireshi na dindindin da ya dace da tsohuwar rauta, misali mai farawa da 192.168.0, sai aka kawo ta gidan da rautarsa ke rabon 192.168.8. Tana nan tana kiran mai unguwar da ta baro a wani gari. Maganin shi ne a mayar da ita kan karɓar adireshi kai tsaye daga rauta. Wasu masu gida kuma, don hana yaran maƙwabta shan data, sukan saita rauta ta karɓi wayoyin da aka yi wa rajista kaɗai. Dabara ce mai kyau, sai dai a tuna a saka sabuwar baƙuwar a rajistar.

Yanzu mun iso inda na fi so, domin a nan ne yanayinmu ya bambanta da na wanda ya rubuta littafin jagorar na'urar. Mai gida zai ce, "Ai akwai intanet, ga shi yanzu na tura saƙon WhatsApp." Wannan ba hujja ba ce. Da farko, wayarsa na iya kasancewa tana amfani da datar layinta, ba ta rauta ba. Na biyu, kamfanonin layi na sayar da ƙunshin data mai araha wanda ke buɗe WhatsApp da Facebook da makamantansu kawai. Idan irinsa aka saya wa layin da ke cikin rauta, hira za ta tafi, hotunan biki za su sauka, amma saƙon girgizar ƙasa ba zai wuce ƙofar gida ba. Gwajin gaskiya shi ne a zare kebur ɗin daga na'urar, a soka shi a laftof, a kashe wayifai na laftof ɗin, a buɗe wani shafi da ba na sada zumunta ba. Yanzu laftof na tsaye daidai inda na'urar ke tsaye, abin da ya gani shi take gani.

Akwai wani ɗan umarni da ya kamata kowane ɗalibin kwamfuta ya sani, sunansa ping. Sallama ce kawai: ka aika, ka jira a amsa. Ana fara yi wa rauta sallama da adireshinta. Idan ta amsa, cikin gida lafiya. Sai a yi wa 8.8.8.8, wata kwamfutar Google da kowa ke gwaji da ita. Idan ta amsa, hanyar waje a buɗe take. Sai a yi sallama da suna maimakon lamba, misali ping google.com. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, an kama ɓarawon: matsalar DNS ce, wato tsarin da ke fassara sunaye zuwa lambobi, kamar jerin sunayen da ke wayarku. Kun san lambar mahaifiyarku na nan daram ko da jerin ya goge, sai dai ba ku da hanyar nemo ta da suna. Ana gyara wannan a rauta ta hanyar ba ta wani mai fassarar, kuma 8.8.8.8 ɗin nan aikinta kenan tun asali. Sallama uku, cikin minti ɗaya, sun raba muku matsalar gida uku. Ban san wani gwaji mai araha kamarsa ba.

Idan duk ukun sun amsa amma har yanzu shiru, saura ƙofofi. Kowane adireshi a intanet yana da ƙofofi masu lamba, kowane irin saƙo da tasa. Shafukan yanar gizo na bin ta 80 da 443. Ita wannan na'ura tana tura awonta ta ƙofa ta 55555 da 55556. Rautar gida yawanci ba ta hana fita ta kowace ƙofa, amma ta makaranta ko ofis ko shagon intanet sau da yawa an saita ta ta rufe komai sai na shafuka, don hana wasa da sauke fina-finai. A irin wannan wuri sai a je wurin mai kula da kwamfutoci da ladabi, a ba shi lambobin, a ce fita kawai ake so. Ku riƙe wannan kalma ta fita. Za ku ci karo da masu ba da shawarar a buɗe ƙofofin shigowa a rauta, ko a fitar da na'urar fili yadda kowa a duniya zai iya taɓa ta. Babu buƙata, domin ita ke kiran uwar garke, ba uwar garke ke kiranta ba. Buɗe hanyar shigowa ga na'urar da har yanzu ke ɗauke da kalmar sirrin da aka sayo ta da ita, wadda ke rubuce a littafin jagora kowa na iya karantawa, daidai yake da barin ƙofar zaure a buɗe da makulli a jiki. A canza kalmar sirrin tun ranar farko.

Akwai ƙofa ta uku, lamba 123, kuma labarinta ya fi na sauran daɗi. Ta nan na'urar ke tambayar lokaci. Yawancin kwamfutocin Raspberry Pi ba su da batirin agogo irin na laftof, saboda haka duk sanda aka kunna su sai sun tambayi wasu kwamfutoci a intanet ƙarfe nawa, ta tsarin da ake kira NTP. Idan an toshe wannan ƙofa, komai na iya zama lafiya amma agogo ya zama na bogi, kuma awon girgiza marar sahihin lokaci ba shi da amfani ga kowa. Ga dalili. Ana gano inda girgiza ta tashi ne ta hanyar gwada lokacin da igiyarta ta isa tashoshi daban daban, aƙalla uku. Igiyar farko na gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon duniya. Idan agogon tashar Zakka ya yi kuskuren daƙiƙa 5 kacal, lissafin zai kauce da kusan kilomita 30, ya ɗora motsin wani gari a kan wani. Tashar da ke faɗin lokacin ƙarya ta fi wadda ta yi shiru ɓarna. Don haka idan shafin na'urar ya nuna wata shekara ko wata sa'a da ba ita ba, kada ku ɓata lokaci a kan sauran ƙofofi, ku fara da 123. Lura ɗaya: tana nuna agogon duniya ne, wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Idan agogonku ya ce ƙarfe 4 ita ta ce 3, daidai take.

Ƙa'idar da ke riƙe duk wannan aiki ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta a littafi. Wanda ya canza kebur da layi da saiti a tashi guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe ta sake lalacewa ya koma farko. Idan an bi komai ba a dace ba, gwajin ƙarshe shi ne a saka layin wani kamfani a rautar, ko a kai na'urar wani gida mai wata rauta. Idan ta haɗu a can, ita ba ta da laifi.

Sai dai akwai zangon da babu ɗalibin da zai iya gyarawa, kuma mutanen wannan yanki sun san shi fiye da kowa. A watan Satumba na 2021, lokacin gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Safana da Batsari na ciki, kuma an shafe watanni kafin a dawo da su. Waɗanda ke sakandare a yanzu suna firamare ko farkon ƙaramar sakandare a lokacin, za su tuna yadda manya ke tafiya wani gari don kiran waya ɗaya. A irin wannan hali babu ping da zai amsa. Abin da na'urar ke iya yi shi ne ta ci gaba da ajiye awonta a katin memori. Kwanaki kaɗan take riƙewa kafin sabo ya danne tsoho, sai an ƙara adadin a saiti ko a riƙa kwashewa a laftof. Lokaci kuma sai an samo shi daga wani wuri, kuma akwai 'yar eriyar GPS da ake jona mata, mai karɓar sa'a kai tsaye daga tauraron ɗan adam ba tare da ƙarfen sabis ba. Duk wanda zai kafa tasha tsakanin Zakka da Runka da bakin dajin Rugu, a ganina da wannan ya kamata ya fara tunani, tun kafin ya sayi rauta.

Wani zai ce, ƙasar da ba ta cika girgiza ba, me za a yi ta saurare? A 2020, lokacin kullen korona, wani masani a ƙasar Beljiyam mai suna Thomas Lecocq tare da abokan aikinsa da dama sun tattara awon tashoshi daga sassan duniya, har da irin waɗannan ƙanana na gidaje da makarantu, suka nuna cewa rawar da zirga-zirgar mutane ke sa ƙasa ta yi ta ragu har da kusan rabi a wasu wurare. Mujallar Science ta buga aikin a shekarar. Ashe na'urar na jin mu ma: babura, manyan motoci, janareta, injin niƙa, garken shanu, har dakan turmi idan yana kusa. A 2021 an rufe kasuwannin dabbobi a wannan yanki, an taƙaita hawan babura, an rufe wasu hanyoyi. Da akwai kunne ɗaya a daɓen wata makaranta a Zakka ko Batsari a watannin nan, da yanzu muna da zanen yadda garuruwanmu suka yi tsit, rana bayan rana, da ranar da motsi ya fara dawowa.

Na san kuɗin na'urar ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, dala ake biya. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ko tsofaffin ɗalibai su ne za su iya. Amma bin sawun saƙo daga kebur zuwa adireshi zuwa suna zuwa ƙofa zuwa agogo, shi ne dai abin da ake yi idan na'urar POS ta ƙi fitar da kuɗi, ko kwamfutocin cibiyar jarrabawa suka kasa ganin uwar garkensu ana saura minti 10 a fara. Wanda ke da laftof ko ɗakin kwamfuta a makaranta ya gwada sallama ukun nan a wannan mako, ya kuma lura da 'yar lambar da ke fitowa a ƙarshen kowace amsa, wadda ke nuna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka ya je ya dawo. Ku gwada ta rauta da ta 8.8.8.8 ku ga tazarar.

Ga kuma aikin gida ga masu son lissafi. Igiyar farko na gudun kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu mai bin bayanta na gudun kilomita 3 da rabi. Tasha ta kama ta farko, sai bayan daƙiƙa 25 ta biyu ta iso. Kilomita nawa ne tsakanin tashar da inda ƙasa ta motsa? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka bi kuka same ta, da sunan makarantarku da ajinku.